Bindigogi Tara a Ƙarƙashin Gadon A'i

Duk ɗan kasuwar da ya yi aiken kaya daga unguwar Al Ras ta Dubai tsakanin 2009 da 2015 ya san Mijinyawa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin ƙirji da ke ɗaure dila a wani siton kago, na aiken kaya, bayan kasuwar kayan yaji, wanda in ya danne dila da gwiwa ya ja igiya sai ka ji atamfa na ƙara a ciki. Ɗan maƙera ne daga cikin birnin Kano. Wani Alhaji na Kantin Kwari ne ya gan shi yana dukan ƙarfe a maƙerar ubansa, ya ce asara ce a bar wannan damtse yana ƙera lauje, ya yi masa biza ya kawo shi Dubai. Tun daga ranar aikinsa ke nan: a auna, a naɗe, a ɗaure, a rubuta sunan mai kaya, yalla maza a loda kwantena. Ba ya taɓa ko allura a kayan mutane, ba ya shan ko taba, salla ba ta wuce shi. In ka tambayi 'yan kasuwa sai su ce ai Mijinyawa mutumin kirki ne. To, su ba su aure shi ba.

Ciwonsa bindiga ne. Ba harbi ba, don tunda uwarsa ta haife shi ko kurciya bai taɓa kashewa ba. Tarawa yake yi. Ubansa ya yi suna wajen ƙera wa maharba bindigar toka, da ya rasu 'yan'uwa suka zauna rabon gado, kowa na zare ido a kan ɗakuna da gona, shi kuwa Mijinyawa ya ce a ba shi bindigar da tsohon ya ƙera wa kansa, ya yafe sauran. Sai da limamin da ke rabon ya sa ya maimaita sau uku. Doguwa ake ce mata, bututunta ya kai tsayin mutum, ƙotarta ta ƙirya ce, da zobban tagulla bakwai da tsohon ya yi mata da hannunsa. Daga ita ciwon ya kama shi. Da ya ji wani tsohon maharbi ya rasu a Rano ko Gwarzo sai ya shiga mota ya tafi ta'aziyya, kafin a yi sadakar uku ya fara tambayar magada ina bindigar marigayi. Ko kunyar idon jama'a ba ya ji. Da haka ya tara tara, kowace da sunanta. Akwai Mai Tari, akwai 'Yar Ningi, akwai wadda yake kira Bazawara don ta bi hannun mutum huɗu kafin ta zo gare shi. Babu wadda aka ɗura wa albarushi a cikinsu tun shekaru da yawa.

Da zai taho Dubai ba halin ya zo da su, a ƙasar da ko kwanson harsashi aka gani a jakarka sai ka yi bayani a tsare. Sai ya naɗe su a tsohuwar darduma ya tura ƙarƙashin gadon matarsa A'i. Shekararsu goma sha huɗu da aure a lokacin, 'yarsu ɗaya, Ummi Kulsum. A'i tela ce, da keken ɗinkinta take cike giɓin abin da yake aikowa. Umarnin da ya bar mata ɗaya ne tak: duk tsayuwar wata ta jawo su, ta goge, ta shafa musu man kekenta. Kuma haka take yi, baiwar Allah. In ya bugo waya, kafin ya tambayi jikinta ko karatun Ummi, sai ya ce an shafa musu? Akwai ranar da ta ce masa ta kwana biyu a kwance da zazzaɓi, ya ce Allah ya sauwaƙe, amma fa ta lura da kunamar Mai Tari, ita ce mai saurin tsatsa. Ya san shekarar da aka ƙera kowace bindiga, amma da za ka tare shi ka ce aji nawa 'yarsa take, sai ya sosa ƙeya.

A Dubai abin da ya rage masa shi ne wani kundin hotuna mai bangon roba. Sai kuma safiyar Juma'a, da yake ranar hutu ce, ya shiga abra, kwalekwalen fito na garin, ya tsallaka ruwa zuwa wata tsohuwar ganuwa da aka mayar gidan tarihi, ya tsaya gaban gilashi yana kallon bindigogin Larabawan da. Yakan daɗe har masu gadi sun san fuskarsa. In ya dawo sai ya ce aikin nasu ba laifi, amma haɗin bututun bai kai na tsohonsa ba.

A unguwar Al Muraqqabat yake kwana, a wani fulat, su shida a ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu. Bayan sallar Juma'a sukan haɗu a faranti guda. Abdul-Karim ne mai girki, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke tsaron ƙofar otal a Al Rigga, ya iya wake da shinkafa irin na mutanen Gana da baƙin yajin nan nasu mai sa hawaye. Akwai Hafiz mai sayar da wayoyi, matsoraci na ƙarshe, wanda ya cika kwalin takalmi da agoguna talatin da ɗaya, ko ɗaya babu na gaske. Sai Ɗalhatu, dillalin da ke zagayawa da baƙin 'yan kasuwa kantuna. Bazazzage ne, kuma ka san tsakanin Bazazzage da Bakano wasa ne tun na kakanni. Duk abin da ya faɗa maka sai dai ka haɗiye ko ka rama da baki, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ɗalhatu ya samu wannan dama ya hau kanta ya miƙe ƙafa. Ba ya kiran Mijinyawa da komai sai bawana.

Kusan kowace Juma'a musun ɗaya ne: shin mai tara bindiga lafiyarsa ƙalau? Ɗalhatu ne ke kunno wutar. Yakan ce ya ga mai tara tattabaru, ya ga mai tara huluna, amma mutum ya yi ta bin gidajen mutuwa yana kwasar ƙarfen kisa yana raɗa musu suna kamar 'ya'ya, wannan sai Bakano. Mijinyawa kuwa sai ya ajiye loma ya ɗauki zafi. Ya ce a garin nan ba ga shi Balarabe na sayen lambar mota da kuɗin da zai gina unguwa ba, wa ya ce masa mahaukaci? Ya ce akwai wani Bature da ke aiken kaya a sitonsu, kan sarki yake tarawa, 'yar takardar da wani ya riga ya lasa ya manna a wasiƙa. Ya juyo kan Hafiz ya ce agogunansa talatin da ɗaya duk ƙarfe ɗaya suke nunawa, in ma suna tafiya. Ita kuwa bindiga aikin hannu ce, in ka san kanta, daga haɗin bututu kaɗai za ka faɗi sunan maƙerin da garinsu. Kuma gaskiya ce, a nan ba a iya ja da shi. In yana bayanin yadda ake naɗe ƙarfe har muryarsa rawa take yi, ka rantse labarin masoyiya yake bayarwa.

Sau ɗaya Abdul-Karim ya sa baki, yana kwashe faranti. Ya ce, da irin kiran mutanen Gana, "Masa, ni ban ce kai mahaukaci ba ne. Amma agogon Hafiz in an gan shi a ɗaki, ba wanda za a ɗaure. Naka kuma ba kai kake kwana a kansu ba."

Mijinyawa ya yi tsaki ya ce mutanen Gana ba su san tarihi ba.

Shi ma Ɗalhatu yana da abin da yake tarawa, sai dai ba wanda ya taɓa sa shi a cikin musun. Abin kunyar mutane yake tarawa a wayarsa. Alhajin da ya yi barci baki buɗe a masallaci, ɗan kasuwar da ya zame a matakalar jirgin ƙasa, duk suna ciki, kuma duk baƙon da ya sauka daga Kano sai an tura masa ya tafi da su tsaraba. A ƙarshen 2011 Mijinyawa ya je hutu gida ya dawo da sabon hoto. Ya fito da bindigogin duka tara ya jera su a jikin bangon ƙofar gida, ya tsaya a tsakiya rungume da Doguwa, ya sha mur kamar wani jarumi. Lambar gidan na nan ɓaro-ɓaro a saman kansa. Can a gefe, a bakin zaure, rabin fuskar A'i ta fito, ta leƙo ta ce masa abinci na hucewa mai hoto ya danna. Ɗalhatu ya ga hoton nan ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ɗauke shi da wayarsa, kafin mako biyu hoton ya zaga Al Ras, ya hau jirgi a aljihun 'yan kasuwa ya sauka Kantin Kwari. A lokacin abin dariya ne kawai, shi kansa Mijinyawa har daɗi yake ji wai an san shi.

Sai ga watan Janairun 2012, ranar Juma'ar nan da bama-bamai suka tashi a Kano. Daga ranar gari ya sauya. Aka kafa shingaye, aka sa dokar hana fita, masu kaki suka fara bin unguwanni gida-gida. Labarin da ke yawo a bakin mutane shi ne duk gidan da aka samu makami, a kwashe mutanen ciki, a kawo katafila a baje shi, kuma ba mai tsayawa ya tambaya ta toka ce ko ta bature. Ko gaskiya ne ko ƙari, A'i dai a kan tara take kwana, ita da 'yarta.

Tsoron ya tsallako har Dubai. Hafiz ya kasa cin abinci, yana ta cewa in hoton nan ya kai ga hukumar garin nan, duk su shida za a soke musu biza a kora su. Ran wata Alhamis, Mijinyawa na wurin aiki, Hafiz ya ɗaga katifarsa ya zare kundin hotunan ya jefa a ramin shara na bene. Da Mijinyawa ya dawo ya laluba bai gani ba, ya tambaya, wani ya nuna masa ramin shara. Ya sauka har ƙasa inda sharar ke taruwa, ya tarar mota ta riga ta kwashe. Ya hau gadonsa ya juya wa ɗakin baya.

Washegari Juma'a, ana tsakar cin abinci, wayarsa ta yi ƙara. A'i ce, kuma ba ta saba kira ba, shi ke kira. Ranar suna da baƙo, Malam Dikko, wani malami mai sayar da littattafai da carbi a Al Ras, wanda Hausawan wurin ke kai wa fatawa. Mijinyawa zai tashi ya fita, Ɗalhatu ya fizge wayar ya danna sifika ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya ce bari a ji uwargidan bawansa. Muryar A'i ta cika ɗakin, ba ta san da kowa ba. Ta ce yayanta Sanda ya ga hoton a wayar mutum uku a Kwari, da lambar gida da komai. Ta ce jiya an yi bincike a unguwar da ke bayansu. Ta ce Ummi ta daina barci a ɗakin, a tsakar gida take shimfiɗa. Ta roƙe shi don Allah don Annabi ya ba ta izini ta rabu da su, ko Sanda ya zo ya san yadda zai yi.

Da a ce su biyu ne, wataƙila da ya saurara. Amma ga ido goma sha biyu a kansa, ga ciwon kundinsa na jiya, ga Ɗalhatu na toshe baki yana raɗa wa Hafiz, da ƙarfin da kowa zai ji, wai ashe jarumin bindiga tara mace ce ke riƙe da kunamarsa. Aka kwashe da dariya. Mijinyawa ya cika ya batse. Ya sunkuya kan wayar.

"Ke A'i, saurara da kyau. Bindigogin nan kafin ki zo gidan suna nan. In kika taɓa ko ɗaya da nufin rabuwa da ita, ko kika bari wani ya taɓa, to a bakin aurenki. Saki uku."

Dariya ta ɗauke. Malam Dikko ya ajiye cokali ya ce innalillahi. Can a waya muryar A'i ta fito.

"Baban Ummi, ka ji abin da ka faɗa kuwa?"

"Na ji. Kalas, shi ke nan."

Ya kashe wayar ya jawo faranti ya ci gaba da cin abinci, shi kaɗai. Malam Dikko ya ce masa wannan magana ba ta wasa ba ce, ya ɗaura aurensa a jikin sharaɗi, ranar da sharaɗin ya cika ba mai iya kwancewa. Mijinyawa ya ce Allah gafarta Malam ai ya san matarsa, shekara goma sha bakwai ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma da ita ya dogara, mugu. Ya san ba ta da inda ta fi so a duniya kamar ɗakin nan, ya san yadda take tsoron a ce mata bazawara. Ya ɗauki tsoronta na aure ya ɗora a kan tsoronta na mutuwa, ya koma ɗaurin dilarsa hankali kwance.

Kwana goma sha ɗaya bai kira ta ba, wai horo yake yi mata. Ran na sha biyu wani ɗan kasuwa ya sauka daga Kano ya zo sito da labari. Ya ce ranar Litinin an rufe lungun maƙera gaba da baya, an bi gida-gida, kuma da hoton nan a hannu aka shiga gidan su Mijinyawa. An ɗaga gado, an farke katifa, an leƙa rufi, an zura fitila a rijiya. Ba a samu ko ƙusa ba. A'i ta ce musu ai tsofaffin kayan gado ne na maƙera, an daɗe da rabuwa da su. Suka yi ta juya ta da tambaya tun hantsi har azahar, ƙarshe suka tafi suka bar ta.

Zo ka ga murna wurin Mijinyawa. Bai tsaya tunanin yadda mace ta yini tsaye gaban masu kaki ba. Abin da ya shiga kansa shi ne A'i ta ɓoye su, ta samu wata maɓoya da ko masu bincike ba su gano ba. Ya dinga bin 'yan kasuwa yana cewa kun gani, matar maƙeri ke nan. Ran Alhamis ya shiga kanti ya sayi leshi mai tsada, ruwan zuma, irin wanda ya shekara uku yana ɗaure wa matan wasu bai taɓa saya wa tasa ba. Ya gayyato Malam Dikko cin abincin Juma'a musamman. Bayan an ci an sha, ya shimfiɗa leshin a kan gwiwarsa, ya kira A'i, wannan karon shi da kansa ya danna sifika, yana kallon Ɗalhatu.

Ta ɗauka. Bayan muryarta ana jin hayaniyar yara da yawa, su kuwa 'ya ɗaya gare su. Ya tambaye ta ina take, ta ce gidan Yaya Sanda. Ya ce to madalla, ta huta, ya ji abin da ya faru, ta yi ƙoƙari. Ya ce ga mutane nan suna ji, ta faɗa musu inda ta adana su, su san irin matar da yake aure.

"Ban adana ba, Baban Ummi. Ran Asabar na aiki Ummi gidan Yaya, na kulle ƙofa. Na sa gatari na faskare ƙotocin, na hura wuta da su. Ƙarafan kuma na zura su a masai ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da ka ce, kuma na ji lokacin da ka faɗa. Da suka gama bincike na kwashe kayana da kekena. Yau kwanana shida da fara idda."

Abdul-Karim ya sunkuyar da kai. A nan ne fa ko dutse ne zai ce wani abu, ya ce yi haƙuri, ya ce ya jikinki, ya ce sun taɓa ki? A'i ma tana jira. Mijinyawa ya buɗe baki.

"Har da Doguwa?"

Da ta amsa, muryarta ba kuka a ciki.

"Da ita na fara. Ƙirya ce, ta fi sauran ci da kyau. Da ita na dafa wa Ummi tuwo."

Ta kashe wayar.

Sai a lokacin abin ya fara isa gare shi, shi ma a hankali. Ya juya wurin Malam Dikko ya ce ai cikin fushi ya faɗa, ai tsoratarwa ce. Malam ya ce shi dai a gabansa aka yi, an tambaye shi ko ya ji abin da ya faɗa ya ce ya ji, sharaɗi ya cika, aure ya ƙare. Mijinyawa ya dubi sauran ko wani zai ce bai ji da kyau ba. Hafiz, wanda ya jefar masa da kundi, shi ya fara cewa wallahi ya ji, uku ya ce. Ɗalhatu ya kai hannu ya shafa leshin ya ce kaya mai kyau, in bawansa ba shi da wadda zai ba, shi yana da ƙanwa a Tudun Wada. Mutum biyu suka yi dariya. Mijinyawa ya yunƙura zai shaƙe shi, aka riƙe shi ana cewa haba, abokin wasanka ne fa, da Bazazzage za ka yi fushi?

Ya yi ta yawo bayan nan. Wani ya ce masa akwai malaman da ke ƙirga saki uku a baki ɗaya a matsayin ɗaya, ya nemo ɗaya a unguwar Muhaisnah ya samo fatawa, ya aika wa Sanda a kai mata. Amsar da ta dawo gajeriya ce. Ta ce malamai su ƙirga yadda suka ga dama, ita ta ƙirga tara. Da shekara ta zagayo ta auri wani mai sayar da zare a Kwari, mutum mai sanyin hali, ya buɗe mata shagon ɗinki. Ummi ta zauna wurin uwarta. In ya kira ta sai ta gaishe shi da ladabi, ta amsa iya abin da ya tambaya, har ya gaji ya kashe. Leshin kuwa ya shekara uku a ƙarƙashin katifarsa, daidai inda kundin yake a da.

Ya ci gaba da ɗaure dila har 2015, lokacin da ƙugunsa ya ƙi, Alhajin ya ce ba zai sabunta masa biza ba. A shekarun nan uku an daina musun ko mai tara bindiga mahaukaci ne, ba don an gama ba, sai don ba sauran daɗi. Hafiz ya kai agogo arba'in. Mijinyawa kuma ya daina tsallaka ruwa zuwa gidan tarihi.

Hoto ɗaya ne ya rage a duniya na bindigogin nan, don sauran masu shi sun goge saboda tsoro, kuma a wayar Ɗalhatu yake. Ya sauya waya sau biyu bai yar da shi ba, don shi ba ya zubar da abin da ya tara. Mijinyawa ya roƙe shi ya tura masa, ya ƙi, ya ce ai in ya ba shi ya daina gaishe shi. Saboda haka duk Juma'a bayan an ci abinci, sai ka ga ƙaton maƙerin nan ya matsa kusa da mutumin da ya watsa masa gida, ya rage murya ya ce a ba shi ya gani. Ɗalhatu sai ya sa shi ya ce ranka ya daɗe ubangijina tukuna. Ya faɗa. A miƙa masa.

Juma'arsa ta ƙarshe a Dubai, jakarsa na ɗaure a bakin ƙofa da irin ɗaurin da ba wanda ya iya sai shi, ya karɓi wayar ya zauna a bakin gado. Abdul-Karim na tsaye a bayansa da faranti, yana ganin komai. Ga bango, ga bindigogi tara a jere, ga shi a tsakiya, ga rabin fuskar A'i a bakin zaure ta leƙo kiransa cin abinci. Ya daɗe yana kallo, har Abdul-Karim ya ce a ransa to, yau dai ya gan ta. Sai Mijinyawa ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin ya buɗa su. Hoton ya girma, A'i ta zame ta fice ta gefe, zobban tagulla suka cika fuskar wayar. Ya shiga ƙirga su da farce, bakinsa na motsi, ko bakwai ɗin suna nan.